Tsoro na hana ni magana a taro, karsashina kuma ba ya daɗewa

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Shekaruna 34, ina da aikin yi, kuma kowa ya shaida na iya aikina. Amma da zarar an ce in yi magana a taron ofis sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, muryata ta kama rawa. Sau da yawa amsar abin da ake jayayya a kai tana bakina, sai in yi gum, wani ya faɗe ta a yaba masa. An buɗe gurbin ƙarin girma, na cike takarda har ƙarshe amma na kasa miƙawa, saboda akwai ganawa ta gaba da gaba. Nakan saurari masu jawabin ƙarfafa gwiwa in ji kamar zan ɗaga dutse, bayan kwana biyu in koma gidan jiya. Kullum ina lallashin kaina da cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaya zan cire tsoron nan daga zuciyata, kuma yaya zan riƙe karsashina kada ya riƙa mutuwa?"

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Wanda ya zauna ya cike takardar neman ƙarin girma har layin ƙarshe ba rago ba ne, don haka mu sauke wannan zargin daga kanka tun yanzu. Tambaya biyu ka kawo, ta tsoro da ta karsashi, amma in ka tona za ka tarar saiwarsu ɗaya. Kana jiran tsoro ya fita daga ƙirjinka kafin ka buɗe baki, kana kuma jiran karsashi ya sauko kafin ka miƙa takarda. A zaman da nake yi da masu fama da fargaba, kusan duk wanda na ga ya samu sauƙi ta ɗaya ƙofar ya shigo: ya fara yin abin da tsoronsa a jikinsa, daga baya tsoron ya ja da baya, karsashi ya biyo sahu. Amsata ke nan a dunƙule, saura dalili da yadda ake yi.

Abin da ke faruwa a jikinka

Faɗuwar gaba da bushewar baki da rawar murya duk aikin shiri ɗaya ne. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigidala, ɗaya a hagu ɗaya a dama, wanda ke hango haɗari cikin gaggawa tun kafin tunani ya gama tantancewa. Da ya ga alama sai jiki ya saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu don jini ya isa ga manyan tsokoki, numfashi ya yi sama-sama, aikin narkar da abinci ya ja baya, shi ya sa yawu ke ƙafewa ciki ya murɗa. Walter Cannon na Jami'ar Harvard ya yi bayanin wannan tun 1915, cewa jiki ɗamarar faɗa ko gudu yake ɗaurawa. Shirin nan ba ya tsayawa bambanta kare mai cizo da idanun abokan aiki da suka zubo maka, domin ga ɗan adam tozarta a gaban jama'arsa ma haɗari ce. Alamun suna da ɗaci, amma ba su ce komai game da iyawarka ba, kuma jiki ba ya iya riƙe su a ƙololuwa. In ka tsaya a wurin, sukan hau su kai wani matsayi sannan su fara sauka da kansu.

Stanley Rachman, masanin halayyar ɗan adam, ya daɗe yana nazarin sojojin Birtaniya masu kwance bama-bamai da masu koyon dirowa da laima daga jirgin sama. Ya raba rashin tsoro da ƙarfin hali. Akwai 'yan tsirarun da tun asali jikinsu ba ya tashi sosai. Amma da yawa daga cikin masu dirowar nan suna jin tsoron, zuciyarsu na bugawa, su diro a haka, kuma tsoron na raguwa ne da yawan dirowa. Saboda haka ba zan yi maka alkawarin cire tsoro daga zuciyarka ba. Abin da zan iya nuna maka shi ne yadda zai daina yanke maka hukunci.

Sanyin da kake ji in an wuce ka

Dubi abin da ke faruwa a taron nan daki-daki. Shugaba ya jefa tambaya. Ka san amsa. Ka fara jera jimlar a zuci kana murza biro, kana cewa bari wannan ya gama in shiga. Ya gama, wani ya karɓe. Ƙirjinka na dukan uku-uku. Can sai shugaba ya ce a wuce batu na gaba, nan take wani sanyi ya ratsa ka, kafaɗunka su sauka, ka saki ajiyar zuciya. Wannan sanyin shi ke ciyar da tsoronka.

A 1947 O. H. Mowrer, masanin halayyar ɗan adam, ya bayyana cewa tsoro irin wannan ƙafa biyu gare shi. Ta farko ita ce yadda aka kamu da shi, kamar yadda ake cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Wataƙila an taɓa yi maka dariya a aji, ko wani babba ya gwale ka a gaban mutane, ko kuma ka ga an yi wa wani. Ta biyu ita ce abin da ke hana shi warkewa, wato gudun. Duk lokacin da ka kauce ka ji sauƙi, ƙwaƙwalwa ta karɓi lada, ta rubuta cewa shirun nan ne ya cece mu. A 1953 Richard Solomon da abokan aikinsa a Harvard sun nuna ƙarfin wannan da karnuka. Sun koya musu tsallake wani shinge da zarar an ba da alama, don su kauce wa jan lantarki. Daga baya aka kashe lantarkin gaba ɗaya, amma karnukan suka ci gaba da tsallakewa sau ɗaruruwa. Ba su taɓa tsayawa ba, balle su gane haɗarin ya wuce.

A nan zan ɗan yi jayayya da karin maganar da kake lallashin kanka da ita, wato da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tana da gurbinta, inda kuskure ɗaya zai jawo asarar da ba ta gyaruwa. Amma kai wa ya ga rawarka har ya ce muguwa ce? Ba ka tashi ba. Tsoro ne ya yanke hukuncin, shi ne kuma ya hana a kira shaida.

Kaucewar nan ita ce kuma ke cinye karsashinka. Kowace ja da baya hujja ce da kake tara wa kanka cewa ba za ka iya ba. Zuciya kuwa ba ta jure son abin da take ganin ba za ta samu ba, sai ta fara rage son, ta ce ai ƙarin girman ma wahala ce. Da yawa sukan zo wurina da kukan rashin himma, mu bincika mu tarar himmar na nan daram, tsoro ne ya zauna a kanta.

Me ya sa jawaban ba sa wuce kwana biyu

Albert Bandura na Jami'ar Stanford, bayan aikin da ya yi da masu matsanancin tsoron maciji, ya rubuta a 1977 cewa yardar mutum da iyawarsa daga wurare huɗu take fitowa: abin da ya yi da hannunsa ya ga ya yiwu, ganin wani irinsa ya yi, kalaman da aka faɗa masa, da yadda yake fassara yanayin jikinsa. Mafi ƙarfi shi ne na farko. Kalamai suna da rauni, domin ranar da ka tsaya a gaban mutane jikinka ya ƙaryata su, sun rushe ke nan. Ban hana ka sauraron masu jawabin ba, wasunsu gaskiya suke faɗa. Sai dai na lura da wata illa: sauraron yakan ba mutum jin cewa ya yi wani abu game da matsalarsa, alhali bai motsa ba. Sai ya zama wata kaucewar mai daɗi.

Yadda ake tunkarar tsoro

Hanyar ta daɗe. A 1924 Mary Cover Jones, masaniyar halayyar ɗan adam, ta yi aiki da wani yaro ɗan kusan shekara uku mai tsoron zomo. Ta riƙa kawo zomon cikin keji daga nesa yayin da yaron ke cin abin da yake so, tana matso da shi a hankali, har ya kai yana taɓa shi yana wasa da shi. A shekarun 1950 Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa a Afirka ta Kudu, ya tsara abin ya zama matakai, shi ne kuma ya kawo ma'aunin 0 zuwa 100 da mutum ke auna tashin hankalinsa da shi. Har yau tunkarar abin tsoro mataki-mataki na cikin hanyoyin da suka fi samun goyon bayan bincike wajen jinyar fargaba.

Ka fara da takarda da biro. Kada ka rubuta "ina tsoron magana", wannan ya yi faɗi, ba a iya gwada shi. Tambayi kanka: in na yi magana, me nake zaton zai faru? Rubuta shi kamar hasashe. Muryata za ta yi rawa, mutum biyu aƙalla za su yi dariya, shugaba zai katse ni. Sa wa kowanne lamba, nawa cikin ɗari ka yarda zai faru. Sannan ka jera abubuwan da kake gudu daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. A naka yanayin jerin zai iya farawa da yin tambaya ɗaya gajera a zaman mutum uku, sai goyon bayan ra'ayin wani da jimla biyu a babban taro, sai kawo naka ra'ayin, sai saɓa wa wani cikin ladabi, sai gabatar da rahoto na minti biyar. Fara da wanda ke wajen 30 ko 40 a ma'auninka. Wanda bai tayar maka da hankali ko kaɗan ba ba zai koya maka komai ba, wanda kuma ya kai 90 yana iya sa ka fasa tun a rana ta farko. Bayan kowane gwaji ka koma ga takardar, ka rubuta abin da ya faru a gefen abin da ka hasasa. Ka rubuta a ranar, domin tsoro ya iya gyara labari in an kwana.

Wannan kwatancen shi ne zuciyar aikin. A da ana ganin dole mutum ya zauna cikin abin tsoro har hankalinsa ya kwanta kafin a ce an ci riba. Michelle Craske ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles da abokan aikinta sun bayyana a 2014 cewa saukar tsoro a lokacin gwajin ba ita ke nuna wanda zai warke ba. Abin da ke aiki shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ka zata da abin da ya auku. Don haka in ka yi tambayarka muryarka na rawa, ka zauna har yanzu jikinka na kyarma, amma ba wanda ya yi dariya, gwajin ya yi nasara.

Akwai tarkon da ya kamata ka sani. Mai tsoro yakan shiga wurin da jikinsa amma ya zo da dabarun fakewa: haddace jimla kalma-kalma, yin magana da sauri don a gama, kallon tebur, zama a lungun da ba a hango shi, riƙe biro gam don kada a ga hannu na rawa. David Clark da Adrian Wells, masana halayyar ɗan adam, sun yi bayanin illar waɗannan a 1995. In abin ya tafi lafiya sai ka ce dabarar ce ta cece ni, ka fita ba ka koyi komai ba. Ga shi kuma suna janye hankalinka daga mutanen zuwa cikin jikinka, kana sauraron muryarka maimakon tattaunawar, har ka zo ka yi kama da wanda ba ya son mutane. Ka riƙa ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga ido ka kalli fuskoki, ka ga me suke yi da gaske.

Wata ma'aikaciya da na yi aiki da ita ta yi imani cewa in ta yi shiru a tsakiyar magana ko na daƙiƙa kaɗan, kowa zai gane ta rikice. Saboda haka takan zubo magana ba numfashi har ta shaƙe. Muka shirya ta tsaya da gangan a tsakiyar bayani a taron sashensu, ta ƙirga biyar a zuci tana kallon mutanen. Ta ba ni labarin abin da ta gani: ɗaya na rubutu, ɗaya na duba wayarsa a ƙarƙashin tebur, shugabar kuma ta ɗaga kai tana jiran ta ci gaba. Ta dawo wurina da ɗan ɓacin rai, tana jin takaicin shekarun da ta yi tana ɓoye abin da ba wanda ya damu da shi. Irin wannan takaicin ina marhabin da shi, domin yakan zo ne in tsohon imani ya fara tsagewa.

Abin da ta gani ba nata ba ne ita kaɗai. A 2000 Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun sa ɗalibai riga mai hoton da suke jin kunyar sawa, suka tura su ɗakin da wasu ɗalibai ke zaune. Masu rigar sun zaci wajen rabin mutanen za su lura, amma waɗanda suka lura ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba. A 2003 shi da Kenneth Savitsky sun nuna cewa masu jawabi na ganin fargabarsu ta fito fili fiye da yadda masu sauraro ke ganinta. Bugun da ke cika maka kunne, na kusa da kai ba ya jin sa.

Ba zan ɓoye maka ba, wata rana abin da kake tsoro zai faru. Kalma za ta maƙale, wani zai yi murmushi, ko ka je ganawar a ba wani gurbin. Ka sa wannan ma cikin hasashenka: in ya faru, yaya zafin zai kai, kwana nawa zai yi? Yawanci mutum yakan tarar ya ji ciwo, ya kwana, ya tashi, rayuwa ta ci gaba. Sanin cewa za ka iya jurewa ya fi sanin cewa ba zai faru ba ƙarfi, domin shi ba ya rushewa da ranar da aka samu akasi. Sannan ka raba tsoron banza da ƙarancin shiri. In ba ka taɓa zama a gaban masu tantancewa ba, wani ɓangare na fargabarka gaskiya yake faɗa maka. Samu abokin da ka yarda da shi ya zauna ya yi maka tambayoyi masu tsauri, fuska ba wasa, ku maimaita har bakinka ya saba.

Riƙe karsashi

Karsashi yanayi ne, yana zuwa yana tafiya, kuma ba a ɗora shiri a kansa. Abin da ke riƙe mutum ranar da ba ya jin yi shi ne shawarar da ya riga ya yanke tun yana cikin natsuwa. Peter Gollwitzer, masanin halayyar ɗan adam, ya tattara bincike a 1999 da ke nuna cewa wanda ya ƙayyade lokaci da wuri da abin da zai yi ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya ce zai yi ƙoƙari kawai. "Zan riƙa magana a taro" buri ne. "In shugaba ya ce akwai mai tambaya, zan ɗaga hannu kafin in ƙirga uku" shiri ne, domin ya toshe 'yar tazarar da tsoro ke shigowa ya yi ciniki da kai. Haka za ka yi da takardar nan. Sa rana da sa'a, faɗa wa mutum ɗaya, ka miƙa ta. Miƙawa daban, ganawa daban, kada ka bar nauyin ta biyu ya danne ta farko.

Ka riƙa auna kanka da yawan gwajin da ka yi, kada ka auna da yadda ka ji. Gwaji kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi babban yunƙuri sau ɗaya a wata. Ka kuma riƙa sauya wuri da mutane, domin ƙwaƙwalwa takan ce wannan ɗakin ne kawai ba haɗari. Tsohon tsoron ba a goge shi, sabon sani ne ke danne shi, shi ya sa yakan leƙo bayan dogon hutu, ko lokacin gajiya da rashin barci, ko a sabon wurin aiki. In ya leƙo ba ka koma farko ba. Koma mataki ɗaya baya ka sake hawa, za ka ga hawan ya fi na da sauri.

Sai abu ɗaya da nake tambayar kowa: don me? Tunkarar tsoro wahala ce, ba wanda zai daure mata don kawai a ce masa jarumi. In ƙarin girman zai sauƙaƙa wa iyalinka, ko kana ganin aikin zai gyaru in aka ji ra'ayinka, rubuta wannan a saman takardar gwajinka.

Inda shawarata ta tsaya

Daga wasiƙa nake amsa maka, ban zauna da kai ba, don haka wannan ba ganewar asibiti ba ce. Duk abin da na faɗa ya shafi tsoron da ya fi haɗarinsa girma. Wanda ke tsoron mutumin da ke dukansa ko yi masa barazana, tsoronsa daidai ne, kariya yake buƙata. Wanda kuma tsoronsa ya samo asali daga mummunan abin da ya same shi, kamar hari ko haɗarin mota ko cin zarafi, har abin na dawo masa a mafarki ko a farke, kada ya tunkare shi shi kaɗai, ya nemi ƙwararre ya raka shi.

Kai ma ka ga likita in bugun zuciyar na zuwa haka kawai ba taro ba komai, ko da ciwon ƙirji ko suma ko rama, domin wasu cututtukan zuciya da na tayirod, wata gaɓa da ke gaban maƙogwaro, sukan yi kama da fargaba. Haka in abin ya kai ga hana ka zuwa aiki, ko barci ya ƙaurace maka, ko komai ya daina yi maka daɗi har tsawon makonni. In tunanin cutar da kanka ya taɓa zuwa maka, wannan na gaggawa ne, ka faɗa wa wani a yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun jinya, alhali jinyar na aiki, ko ta zaman gyaran tunani da ɗabi'a, ko ta magani, ko duka biyun. Kada dai ka sha wata ƙwaya ko wani abin gusar da hankali don ka iya shiga taro ba da umarnin likita ba. Wasu magungunan kwantar da hankali suna kama jiki, sannan suna zama wata dabarar fakewar da za ta hana ka ganin cewa kai ne ka yi maganar da kanka.